Muryar da Inna Take Ji

Tun yana jariri aka san Tsawa ba zai yi aikin da ake yi da raɗa ba. Innarsa ce ta laƙaba masa sunan, don ta ce ranar da ta haife shi sai da unguwarzoma ta toshe kunne. A makaranta malamai suka daina sa shi karatu a bayyane, saboda 'yan ajin da ke maƙwabtaka da su suna kawo ƙara. Da ya girma ya yi kiran fasinja a tasha, ya yi tallar maganin ɓera a kasuwa, har wata rana wani jami'in ƙaramar hukuma ya ji shi ya ce asara ce a bar wannan maƙogwaro yana kashe ɓeraye. Haka aka ɗauke shi mai shela a sashen lafiya, aka ba shi kujerar gaba a wata tsohuwar mota mai lasifika biyu a ka.

Shekara da shekaru aikin bai wuce rigakafin yara da ranar yashe kwata ba. Yana zazzaga murya, mutane suna ci gaba da harkarsu, in ma sun ɗaga kai to tsaki za su yi. Direbansa, wanda ake kira Sannu-Sannu don mai keke ma yana wuce shi a titi, yakan ce su biyu ne kaɗai ma'aikatan da ake biya don a ƙi saurarensu. Tsawa bai taɓa damuwa ba. Abu guda ne ke ci masa rai, shi ne kunnen Inna da ya yi nauyi da tsufa. Matar da ta raɗa masa suna Tsawa ta kai ga sai ya kafa baki a kunnenta ya yi ihu, sannan ta ce, "Me kake ta ƙus-ƙus ne kamar marar gaskiya?" Waya kuwa ba a maganarta. In aka kara mata a kunne sai ta miƙa wa mai ita ta ce ta lalace.

Sai ga annoba. Aka rufe kasuwa, aka rufe tasha, aka sa dokar kulle. Matar Tsawa da yaransu sun je duba ƙanwarta a wani gari, hanya ta rufe da su can. Garin ya yi tsit, irin shirun da Tsawa bai taɓa sanin akwai shi ba, kuma a cikin wannan shiru ne aka fara jin sa. Kowace safiya shugabar sashe takan ba shi sanarwar ranar: mutum nawa suka kamu, wace unguwa aka killace, yaushe za a buɗe shaguna a sayi abinci, wace lamba za a kira in mutum ya ji zazzaɓi da tari. Yana karantawa, yana ganin labule na motsi a tagogi. Mutanen da suka shekara suna masa tsaki yanzu su ne ke tsawata wa 'ya'yansu su yi shiru mai shela na magana. Ɗan Adam ke nan.

Inna tana zaune a tsohon gidansu, ita da wata tela da ke hayar ɗaki guda, mace mai kirki wadda ta ɗauki girki da wankin tsohuwar a kanta. Likitan sashe ya ja wa Tsawa kunne sosai. Da hawan jinin Inna da ciwon sugarta, in cutar nan ta shiga jikinta ba za ta yi mata da sauƙi ba, shi kuma yini yake yana yawo a gari, don haka ko bakin ƙofarta kada ya taka. Ranar farko da motar ta bi ta layinsu, bai ko iya kallon gidan ba. Suna shan kwana sai ga kiran tela.

"Yaya, ka san me? Inna ta ji ka! Wallahi kalma-kalma ta ji. Ga ta nan tana dariya tana share hawaye, wai ashe har yanzu kana da murya."

Tsawa ya kashe makirfo, ya juya fuska wajen taga. Sannu-Sannu ya yi kamar hanya yake kallo.

Daga ranar suka ɓullo da wata al'ada tasu. In sun iso ƙofar Inna sai motar ta tsaya, Tsawa ya gama abin da aka rubuto masa, sannan ya ƙara nasa da muryar hukuma, ko dariya babu. "Ana sanar da masu hawan jini cewa magani ba ado ba ne, a sha shi." Wata rana kuma, "Hukuma ta samu labarin wata tsohuwa tana ƙara gishiri a ɓoye, ta daina." Duk layin sun gane da wa ake, har jira suke yi. Inna kuwa tana bakin taga da takunkumin fuskarta a haɓa, tana nuna shi da sanda. Wata safiya ta ɗaga murya, irin ta wanda ba ya jin kansa, ta ce:

"Kai, Tsawa! Na zauna don kai ka ce a zauna. Amma ranar da na wayi gari ban ji ka ba, sandata zan ɗauka in zo in ga abin da ya hana ka. Ka ji na gaya maka."

Ya yi dariya, amma ya san Inna ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Ba a jima ba ya tashi da ciwon kai, abinci ya koma masa kamar takarda a baki. Aka yi gwaji aka same shi da cutar. An gwada Sannu-Sannu, shi ya tsira. Shugabar sashe ta kira Tsawa a waya.

"Malam Tsawa, cibiyar killace masu cutar ta cika maƙil, babu gado. Ka killace kanka a ɗakinka, ma'aikatanmu za su riƙa leƙo ka. Sanarwa kuma sai ka naɗa a waya ka turo wa direba, in za ka iya."

"Zan iya, ranki ya daɗe. Alfarma ɗaya nake roƙo, kada a fasa tsayawa a layinmu."

Ɗakinsa a saman bene yake. Gado, kujera, bokiti, taga guda mai ƙarfen gadi da ke kallon titi, sai takalman yara da ke jere a bayan ƙofa tun ranar da suka tafi. An liƙa jar takarda a ƙofar daga waje, alamar akwai mai cutar a ciki. Maƙwabciya takan ajiye kwanon abinci, ta ƙwanƙwasa, kafin ya taso ta riga ta sauka da gudu. Mutumin da ya saba ratsa gari kaf kafin azahar, yanzu daga gado zuwa taga ne iyakar tafiyarsa. Ya san duk tsagar da ke bango, ya san lokacin da rana ke kaiwa kan takalman yaran da lokacin da take barin su. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne da hantsi, sa'ad da motar ke bi ta ƙarƙashin tagarsa, ya ji muryar kansa tana cewa jama'a su zauna a gida. Yakan amsa mata daga kan gado, "Ai ina zaune, malam, sai me kuma?"

Kullum da safe yana naɗar sanarwa, ya ƙara da ta Inna, ya tura. Sannu-Sannu yakan tsaya ɗan nesa da tagarta, ya ɗaga gilashin gefen da Tsawa ke zama, don kada ta ga kujerar ba kowa. Tela ta sani, ta yi alkawarin kama bakinta. Haka aka yi ta lallaɓawa. Amma numfashi ya fara gaza masa. Jimla guda sai ya tsaya a tsakiya ya huta, ya sake, ya goge, ya sake. Ranar da ya saurari abin da ya naɗa ya ji kamar ana jan buhu a ƙasa, sai ya kira direban.

"Sannu-Sannu, yau ba za ta yiwu ba. Ka ce wa shugaba ta karanta adadin da kanta. Ta Inna kuma, duba cikin tsofaffin da na turo maka ka sa mata guda."

"Kwantar da hankalinka, abokina. Zan zaɓo wadda muryarka ta fi fita tas."

Ya kuwa zaɓo. Da kunnen direba ya zaɓa, mai sauraren ƙarar inji ba ma'anar magana ba. Wadda ta fi ƙarfi ita ce ta wata safiya da gari ya yi duhu, inda Tsawa ke cewa, "Ana sanar da tsohuwar bakin taga cewa hadari ya haɗo, a kwashe shanya." Ita ya saka mata, ranar kuwa ko ɗigon gajimare babu a sama, rana ce fetal.

Wajen azahar wayar Tsawa ta yi ƙara. Tela ce.

"Yaya, Inna ta fita! Ta kalli sama ta daɗe, ta ce ɗanta mai ihu ne amma ba makaho ba ne. Ina shiga kicin na fito ban gan ta ba, sandarta ma babu."

Ya kira Sannu-Sannu, da ƙyar ya haɗa maganar, sannan ya rarrafa ya kama ƙarfen taga. Titi wayam. A benen nan akwai wasu ƙofofi biyu masu jar takarda ban da tasa, kuma matakala guda ce, matsattsiya, kowa ita yake bi yana tari yana dafa bango. In Inna ta hau ta, duk zaman da ta yi ya tashi a banza. Ya jijjiga ƙarfen kamar zai ciro shi. Ba ya iya sauka ya tare ta, domin shi ne abin da ake gudu.

Can sai ga ta ta ɓullo daga kwana, tana dogara sanda, takunkumi a haɓa kamar kullum. Wani ɗan sanda na biye da ita daga nesa yana ta daka mata tsawa ta koma, ita ko waiwaye babu, shi kuma ya rasa yadda zai kama tsohuwa sa'ar kakarsa. Tsawa ya buɗe baki ya kira ta. Muryar da ta taɓa cika tasha ba ta ko kai ƙasan bene ba, tari ne ya biyo ta. Ya buga ƙarfe da kofi, ya jefa kofin ƙasa, ya faɗi bayanta ba ta ji ba. Ta kai bakin matakala ta ɗora ƙafa.

A lokacin ne motar shela ta shigo layin a guje, gudun da ba a taɓa ganin Sannu-Sannu ya yi ba. Ya ci birki, ya kira lambar Tsawa, ya manna wayar a bakin makirfo, ya murɗa ƙarar har ƙarshe.

"Inna," in ji lasifika. "Tsaya nan."

Ta tsaya cak. Ta juya ta dubi motar, ta ga kujerar gaba ba kowa, sannan ta ja baya ta ɗaga kai. Suka haɗa ido ta tsakanin ƙarfen taga.

"Ina da ita, Inna. Kada ki hau. Don Allah."

Kowace kalma sai da ya saye ta da numfashi, kuma lasifika ba ta ɓoye komai ba. Duk layin suka ji shi yana ja yana saki. Labulaye suka ɗaga. Ɗan sandan ya yi tsuru-tsuru a tsakiyar titi.

"Ka ci abinci?" Inna ta yi ihu.

"Na ci."

"Ƙarya kake, ga wuyanka nan." Ta share ido da bakin mayafi. "Wa ke shafa maka ruwa a goshi?"

Ya so ya sake roƙonta, numfashi ya ƙi. Ta ɗaga masa hannu.

"Bari, kar ka wahalar da kanka. Bar abin nan a bakinka kawai in ji."

Ya bar wayar a bakinsa. Ta tsaya a rana, ta jingina da sanda, ta karkata kai tana sauraren numfashin ɗanta yana fita ta kan mota, kamar yadda take kasa kunne a kan shimfiɗarsa yana jariri. Ba wanda ya yi motsi a layin. Da ta gamsu sai ta ja takunkumin daga haɓa ta rufe hanci da baki, karo na farko ba tare da an yi faɗa da ita ba, sannan ta nuna direban da sanda.

"Kai, ɗan nan. Gobe in ka zo ƙofata, wannan nake so, na lokacin, ko da bai ce komai ba. Kar ka ƙara kawo mini tsohuwar murya. In hadari ne ina da ido."

"To, Inna. Ki yafe ni," in ji Sannu-Sannu, duk da ya san ba ta ji ba.

Ya sauke gilasai duka, ya buɗe mata ƙofa, ta shiga ta zauna a kujerar Tsawa, ta ɗora sandar a cinya. Motar ta juya a hankali, ta koma tafiyarta ta asali. Tsawa ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Ya samu abin da yake so, Inna ba ta hau ba. Ya zame ya zauna a ƙasa ƙarƙashin taga, ya jingina da bango, ya yi kuka irin na yaro, domin duk tsawon lokacin da yake roƙonta kada ta hau, babu abin da ransa ke so a duniya kamar ya ji ƙarar sandarta a kan matakala.