Malam Mainasara da Farar Ƙwayar da Yako Ta Ƙi

Kafin ɗaliban firamaren Yako su gama sharar fili, Malam Mainasara ya riga ya kafe tsohon babur ɗinsa a gindin darbejiya, ya buɗe tagar ɗakin magani na ƙaramin asibitin garin. Yakan goge kanta, ya jawo magungunan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa zuwa gaba, sannan ya zauna jiran mutane. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka. Mai ba da magani ne, amma kowa Likita yake ce masa. Tun da mai ɗakinsa Zulaihat ta rasu, 'ya'yansa biyu suka yi aure a nesa, daga shi sai rediyo yake cin tuwonsa. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Akwai wata doka da yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba, alhali tana shiga har cikin tukunyarmu. Idan kamfani ya ƙirƙiro sabon magani, doka takan ba shi shekara ashirin shi kaɗai yake yin sa, yadda ya ga dama kuma haka zai sa kuɗi. In wa'adin ya cika, wasu kamfanoni sukan sami damar yin irinsa, sai ya yi araha. Mainasara yakan kwatanta abin da aron gona: mai aro ya ci damunarsa, lokaci ya yi, gona ta koma hannun jama'a. Shi ya sa duk ranar da ya ji a rediyo ana muhawarar tsawaita wannan wa'adi, ba ya iya ƙarasa abincinsa.

Haka aka yi da wani maganin ciwon suga mai tsada. Wa'adinsa ya cika, mai araha ya iso Yako. Mainasara ya hau mota har Kano, ya tabbatar da rajistarsa, ya dawo da murna. Sai dai mu a nan ba da suna muke sanin magani ba, da launi ne. Tsohon ruwan ɗorawa ne, sabon kuwa fari fat. Nan da nan magana ta zaga gari: wai Likita yana sayar da na ƙwarai a birni, yana ba talakawa alli. Aka daina zuwa tagarsa. In ya yi sallama a majalisa, sai a amsa a taƙaice, kowa ya dubi ƙasa. Wata huɗu yana buɗe taga, yana rufewa, ba mai tsayawa ko don gaisuwa.

Cikin waɗanda suka ƙi farar ƙwaya har da Hamma, wani dattijon makiyayi da ke ruga kusa da Ba'awa. Tsohon maganin ya cinye masa shanu ɗaya bayan ɗaya, saura guda, tsatson wadda mahaifinsa ya ba shi ranar suna. Wata ranar kasuwa ya biyo da ita ta ƙofar asibiti zai kai ta kara. Malama Raihana ungozoma tana wurin, ita ta ba da labarin.

"Baffa, ina zuwa da uwar garke?" in ji Mainasara.

"Wane garke ya saura? Allinka ba ya warkarwa. Zan sayar in sayi magani na gaske."

"Wallahi abu ɗaya ne a ciki, Baffa. Riga kawai ya sake."

"Likita, ni Bafulatani ne, amma ba a sayar mini da jaki a ce doki. Maganin da bai ci saniya ba, ina zai ci cuta?"

Akwai abin da Mainasara ya ɓoye shekara tara, don gudun kada a ce mai magani ma ya kasa warkar da kansa. Ya sa hannu a aljihu, ya fito da nasa ƙullin farar ƙwayar.

"Ciwon da ke jikinka shi ke jikina. Da, raba tsohon nake yi biyu, don albashina bai isa ba. Yanzu wannan nake sha."

Hamma ya ce: "To, kullum ka haɗiya a gabana, sannan in haɗiya. In mutuwa ce, ka riga ni."

"Na yarda, Baffa. Ai ko a hanya yaro ke shiga gaba ya kaɗe raɓa."

Kwana arba'in Mainasara yana hawa babur zuwa rugar bayan sallar asuba, ranar ruwa da ranar taɓo. Su haɗiyi ƙwaya tare, ya huda yatsansa da na Hamma ya gwada jininsu, sannan ya dawo ya buɗe taga a kan lokaci. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, Hamma ya tsaya a ƙofar masallaci ya ɗaga murya: "Jama'a, allin Likita ya karɓe ni, saniyata kuma tana turke!" Daga nan mutane suka fara komawa tagar, ɗaya bayan ɗaya. Sun karɓi magani, amma har yau ba a sami wanda ya ce masa yi haƙuri ba.

Malam Mainasara, kai ne ka tona asirin jikinka don asirin wani ya rufu. Kai ne inuwar da aka jefa, ba ta fasa ba da sanyi ba. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiya, Ya jiƙan Zulaihat.

Masu aikin lafiya, ku yi koyi da haƙurinsa wajen yi wa mutane bayani. Mu kuma, mu koyi tambayar sunan magani kafin launinsa. Sannan akwai abin da ya rage mana. Daga ɗaya ga wata ba shi da tagar da za a same shi. Gidansa na bayan masallacin Juma'a, mai koren ƙyaure. Duk wanda ya taɓa cewa alli, ya san hanya.