Ranar da sunana ya tsayar da layi

Abin da na fara gani da na shiga ofishin daraktan kolejinmu shi ne wayoyin na'urar kwamfutar da ake rubuta sunaye da ita. An tattara su wuri guda an ɗaure da igiyar roba, irin wadda ake yankowa daga tsohuwar tayar keke. Ranar ce ta ƙarshe ta rubuta sunayen masu jarrabawar fita koleji, duk wanda bai shiga ba kafin la'asar sai baɗi. Gwaggona da nake zaune wurinta a Filinge ta riga ta faɗa mini ba za ta iya ƙara riƙe ni wata shekara ba, gero bai yi ba.

Malaminmu na lissafi, mushe kamar yadda muke kiran malamai, shi ne ke zaune gaban na'urar. Ya tambayi sunana da shekarar haihuwata da lambar wayar uba, na ba shi ta babana. Ya danna. Wani ɗan zobe ya fito a tsakiyar allon yana juyawa. Ga waɗanda suka riga ni, sau biyu yake juyawa takarda ta fito. Nawa na ƙirga har arba'in.

"Ke, ina tsohonki yake?" in ji mushe.

"Shina ruga, gaba da Sanam."

"To ga ta nan. Can ai babu rezo."

Gaskiya ne. Tun damina eriyar waya ta wajenmu ta daina aiki, kuma ba wanda ke faɗin dalili da ƙarfi. Tun lokacin ban ji muryar babana ba.

Mushe ya so ya sa lambar gwaggo, na'urar ta ƙi karɓar gyara. Ya kashe ta ya kunna, ta komo kan sunana ta ci gaba da juya zobenta. Ta ƙi ni, ta kuma hana na bayana wucewa, su wajen talatin suna tsaye cikin rana.

"'Yar ruga ta kashe muna ordinata," wata ta ce daga bakin ƙofa. Aka yi dariya, amma gajeruwa. Na kama bakin hijabina na murɗe har yatsana ya yi sanyi. Na ɗauka da gaske wani abu ne a jikin sunana.

Bayan azahar darakta ya aika aka kira wata tsohuwar ɗalibar makarantar, mai aikin tsara na'ura a Yamai, wadda ta zo sunan ɗan ƙanwarta. Ta shigo da ɗanyen lalle a tafin hannu, tana taɓa maɓallan da kan yatsu kawai. Ta daɗe tana karanta wasu layuka farare a baƙin allo.

"Mushe, wa ya gina abin ga?"

"Wani malami ne, an maishe shi wani gari."

"Allah shi kai shi lafiya. Aiki ukku ya ɗaure igiya guda, awa maruƙa ga dangwali, guda ya kwanta sauran su shaƙe. Mai rubuta suna ba shi aje alƙalami sai mai aike ya komo ya ce saƙo ya isa ga uba. Mai buga takarda kuma shina jiran mai rubutu."

"Ai don iyaye su sani anka yi haka."

"Su sani mana. Amma mi ya haɗa mai rubutu da hanyar Sanam? Shi rubuta suna, shi jefa saƙon cikin kwando, shi wuce. Mai aike shi ɗauka ran da hanya ta samu."

Darakta ya dubi agogon bango. Ya tambaya ko ba za ta lalata sunayen da aka riga aka saka ba. Ta ce ba ta yi alkawarin komai ba, a dai bar ta. Idan sunayen kowa suka ɓace, ni za a nuna a gari.

Ban zauna ba. Ina kallon inuwar ƙofa tana tsawo a ƙasa, ta wuce ƙafar tebur, ta kai takalmin mushe. Wani ƙuda ya yi ta sauka kan lallen matar, ba ta ko kore shi ba. Sau biyu allon ya yi ja, ta yi tsaki, ta sake daga farko.

Ladan yana gyaran murya a lasifika don kiran la'asar sai na'urar buga takarda ta yi tari ta turo farar takarda. Mushe ya karanta sunana da ƙarfi, ya ce na baya ya matso.

Matar tana goge maɓallan da gefen gyalenta tana yi wa darakta bayani. Saƙon babana yana cikin kwando, in ji ta, amma duk wanda ya yi mako bai tafi ba za ta sa a riƙa zubar da shi, don kada kwandon ya cika.

Ban taɓa yi wa babba magana a ofishin nan ba sai an tambaye ni. Na bi ta har bakin ƙofa, takardata a hannuna.

"Yaya," na ce. "Don Allah na babana kar a zubas. A bar shi nan har rezo ya komo."