Malamar da ta soke mini "wataƙila"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ranki, Malama. Na rubuta a littafina, na zauna ina kallon layin.

Shekara goma sha ɗaya ina yi miki tankaɗe a ɗakin bincike. Aikinmu mu zuba garin ma'adini a kaskon tagulla, mu tura shi ƙarƙashin haske mai ƙarfi, cikin daƙiƙoƙi ya narke ya zama tangaran. Ba kya yarda a zuba gari sai kin murza shi tsakanin yatsunki. Kikan ce, "Mai Rariya, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta."

Shekarar da tangaran goma sha biyu suka tsage a jere, injiniyoyi suka ce laifin na'ura ne, a rufe aikin. Ni kuwa na lura duk waɗanda suka tsage, an haɗa gari mai tsaki-tsaki da mai laushi ne. Na rubuta a littafina, na ɓoye. Wa zai saurari mai takardar sakandare?

Kika tsinci littafin kusa da sikeli, kika karanta a tsaye.

"Sati uku kana kwance a kan amsa kamar kaza a kan ƙwai?" Kika ɗauki jan biro kika soke "wataƙila" har wuri bakwai. "Gobe kai za ka karanta musu."

Washegari na karanta musu. Aka sake tankaɗe, tangaran ya fito lafiyayye, ba a rufe aikin ba. A takardar da kuka wallafa, sunana na bin naki. Har yau ina alfahari da wannan.

Jiya sabon buhu ya iso. Na murza, na ji tsaki. Babban injiniya ya ce in zuba haka nan, lokaci na ƙurewa. Na waiga kujerarki, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, sai an tankaɗe." Aka tankaɗe. Na rubuta, ban sa "wataƙila" ba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ga maigidanki da 'ya'yanki uku, Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Amin.