Giginya Mai Kai Biyu

A ƙauyenmu, can gefen fadamar Foga, wutar dafa gishiri ba ta mutuwa da rani. A bakinta muke taruwa bayan magariba, mu kewaye kakata Iya Dije, wadda ta makance tun kafin a haife ni. Bakinta kuwa lafiyarsa lau.

Tatsuniyarta guda ce, zane kawai take sauya mata. Wata yarinya ta bi gauraka har ta ɓace a daji, sai ta riƙa tambayar hanyar gida. Jan dutsen hanyar Bana ya aike ta wurin tafki, tafki ya aike ta wurin giginya mai kai biyu da ke tsaye ita kaɗai bayan gonakin shinkafa. Daga gindinta yarinya ta hango hayaƙin garinsu. Wuraren nan kuwa duk na ƙauyenmu ne.

Kullum sai Iya ta yi kuskure. "Ta tarar da tafki ya bushe ƙayau."

"Kai, Iya! Bado ya rufe shi, har da fararen furanni!"

"To, angona mai ido. Balbelu fa, sun dawo?"

Ni kuwa sarkin iyayi, sai in zage in zayyana mata komi, har yadda rana ke narkewa cikin ruwa da yamma. Tana ta murmushi, ni ina ganin na fi ta wayo.

Shekarar da kumandan yankinmu ya sa a gyara hanyar Gaya, aka sare giginyar aka yi gada da ita. A gabana ta faɗi. Da yamma Iya ta kawo yarinyar tatsuniyarta har bayan gonaki, sai ta dakata.

"Tana nan dai ko, angona?"

Na ji ba zan iya raba ta da ita ba. "Tana nan, Iya. Har ta yi 'ya'ya."

Rani uku ina yi mata wannan ƙarya, ina ƙara wa giginyar tsuntsaye, har Allah ya yi mata rasuwa.

Sai da na girma ina kasuwanci a Yamai na faɗa wa gwaggona, cike da kunya. Ta yi dariya har da hawaye.

"Idonta ne ya mutu, ba kunnenta ba. Daga tsakar gida ta ji faɗuwar. Cewa ta yi a ƙyale ka, a bakinka giginyar ta fi kyau."

Har yau ban san wa ya rarrashi wani ba, ni ko ita. Amma da na koma gida, kasa taka gadar nan na yi.