Ranar da Tattabaru Suka Raba Gardamar Sabuwar Lori

Shekaru sun yi nisa, kuma na lura ƙwaƙwalwata ta fara yi mini gyare-gyare ba tare da ta nemi izinina ba. In na ce kamu huɗu, yana iya zama biyar. In na ce ranar Juma'a ce, ina kyautata zaton haka, amma ba zan rantse ba. Abin da na tabbatar shi ne a Jarwal, wata unguwa a Makka, aka yi, 'yan shekaru bayan yaƙin Turawa na biyu, a garejin da na fara aiki bayan na gama makaranta.

Gareji ne na motocin ɗaukar alhazai. Mai shi, wanda muke kira Mu'allim, haifaffen unguwar Tandabawi ne a nan Makka kamar ni, iyayenmu duk daga ƙasar Kano. Direbobi shida ne, makanikai uku, sai ni mai rubuta wasiƙu da sunayen alhazai. Da yake ni kaɗai ke da takardar shaidar karatu, duk abin da ba wanda ya san yadda ake yin sa, ni ake miƙa wa.

A shekarar nan Mu'allim ya kawo sabuwar lori daga Jidda, koriya, kujerarta mai laushi. Tambayar ita ce wa zai riƙa tuƙa ta. Mutum biyu suka fi sa rai. Na farko shi ne Baba, direban da ya fi kowa daɗewa, Basakkwace wanda ya zo Makka da ƙafa ta Sudan tun kafin a haife ni. Motarsa sai mutum huɗu sun tura take tashi, kujerarta katako ne da buhu a kai, kuma bayansa ya fara ba shi wahala. Bai roƙi kowa ba, sai dai kullum da safe yakan goge madubin sabuwar lorin da jelar rawaninsa. Na biyu wani ƙaƙƙarfan direba ne da ya yi shekara biyu yana aiki da masu haƙar mai a gabashin ƙasar. Ya dawo da wata sulɓaɓɓiyar sanda mai kama da taɓarya da farar ƙwallo guda ɗaya, mai ɗinki, wadda ya ce Amurkawa ke bugawa bayan tashi daga aiki.

Shi ya kawo shawarar a yi gasa: a jefo ƙwallo, mutum ya make ta da sanda, wanda tasa ta fi nisa ya ɗauki lori. Mu'allim ya yi na'am nan take, ina jin don kada ya zaɓa da bakinsa. Baba ma ya yarda, domin ƙin yarda daidai yake da cewa ya tsufa.

"Ya ustaz," in ji Mu'allim, "kai ka yi karatu. Ka tsara mana abin nan yadda ba za a yi rigima ba."

"Mu'allim, ban taɓa ganin wasan nan ba."

"Tayyib. Shi ya sa ba ka da ɓangare."

Na kwashe kwana uku ina rubuta ƙa'idoji. Kowane direba bugu uku. Za a auna nisa da igiyar ɗaure kaya, kamu-kamu. Don kada makanikai su zauna haka nan, na ƙara musu gasar jifa ta cikin tsohuwar taya, da tseren zagaye garwa huɗu, kamar yadda mutumin gabas, mai sandar nan, ya ce ana yi can. Sai da na zo ƙarshe, na fita farfajiyar garejin don in ga filin, sannan na ga matsalar. Tattabaru ne ko'ina: a kan katanga, a kan motoci, a ƙasa suna tsintar hatsin da ke zubewa daga buhuna. Duk wanda ya tashi a Makka ya san a cikin Harami ba a farautar tsuntsu, ba a kuma firgita shi. Jarwal kuwa a cikin Harami take.

Na je wurin limamin unguwa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abin da ake gudu shi ne ganganci. Na tambaye shi ko mutumin da ya san bugunsa zai tashe su, ya kuma buga, ya yi ganganci. Ya ce in ji tsoron Allah gwargwadon iko. Ni kuma ban san iyakar ikona ba, don haka na ɗauki mafi tsanani. Na rubuta ƙa'ida ta bakwai: duk bugun da ya sa tattabara ta tashi, ba a lissafa shi.

Na karanta musu ƙa'idojin duka bakwai lokacin shan shayi. Ina so a san cewa na karanta, da ƙarfi, har sau biyu. Kowa ya ce ya yarda. Ko sun saurara, wannan ban sani ba.

Na kuma yi wata dabara da har yanzu nake jin kunyarta. Tun da korar su bai halatta ba, na ce bari in ja su gefe. Da safiyar ranar na watsa mudu guda na alkama a can ƙarshen fili, kusa da katanga. Kafin la'asar, in ban yi ƙari ba, tattabarun unguwa uku sun sami labari, kuma sun sauka daidai inda ake so ƙwallo ta je.

Da makanikai aka fara. Jifa ta cikin taya ta tafi lafiya. Tseren ne ya lalace, domin babban makanike ya tambayi inda ake ƙarewa, na nuna masa garwar da yake tsaye a kusa da ita.

"Nan da nake?"

"Nan ɗin, bayan ka zagayo."

"To ai ga ni, ustaz. Rubuta na iso."

Na duba takardata, ban ga inda na hana haka a fili ba. Na rubuta.

Shi babban makaniken aka ba jefa ƙwallo. Mutumin gabas ya fara. Ya naɗe hannun riga, ya tofa yawu a tafinsa, ƙwallo ta zo, ya sakar mata sanda. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ƙwallo ta haye katanga, sama kuma ta yi duhu da fukafukai. Direbobi suka hau tafi. Na jira suka lafa, na ce cikin ƙaramar murya, "Ƙa'ida ta bakwai."

"Wace ce kuma ta bakwai?"

Na karanta masa. Ya juya wurin Mu'allim. Mu'allim ya kurɓi shayi ya ce, "Ka ce ka yarda, ya waladi. Ina wurin."

"To yaya mutum zai buga abu da nisa ba tare da an ji ba?"

"Kai ka zauna da Amurkawa," in ji babban makanike. "Ba su koya maka ba?"

Aka ɗauko ƙwallo daga lungu, aka jira tattabaru suka sauka. Sun ɗauki lokaci, kuma ba wanda ya isa ya gaggauta su. Bugunsa na biyu ya rage ƙarfi, duk da haka suka tashi. Daga nan kowa ya gane inda gasar ta dosa. Ƙarti majiya ƙarfi, waɗanda ke ɗaga tayar lori su kaɗai, suka koma tafiya da sanɗa, suna magana da raɗa. Wani ya cire takalmansa. Wani ya naɗe sandar da rawani don ta daina ƙara, na ce ban hana ba, amma rawanin ya warware a tsakiyar bugu ya tashi garke guda. Wanda duk ya yi a hankali sosai sai ya kuskure ƙwallon, wanda ya same ta kuma sai tsuntsaye su tashi. Direbobi huɗu suka ƙare ba ko ɗaya a takardata.

Bugun ƙarshe na mutumin gabas, in faɗi gaskiya, gwaninta ce. Ya taɓa ƙwallon kamar mai shafa kan jariri, ta gangara shiru, ta yi ta tafiya, kamu ashirin, talatin, har ta shiga tsakiyar alkamar da ni na watsa. Suka tashi. Ya kalle ni, na kalli takarda.

Saura Baba. Ya riƙe sandar kamar mai shirin daka. Na farko ya kuskure. Na biyu ya kai bugu bayan ƙwallo ta riga ta faɗi a bayansa.

"Baba, in mirgino maka ita a ƙasa?" in ji babban makanike.

"Jefo, wanga yaro. Ni ad da sanda, ba kai ba."

Na uku bai ma kai bugu ba. Ya miƙa sandar kawai, ƙwallo ta same ta, ta faɗi, ta gangara ta tsaya. Garejin ya yi tsit. Tattabarun ƙasa ba su ko ɗago kai ba. Amma akwai wata guda a kan sabuwar lorin, daidai saman madubin da Baba ke gogewa. Ta buɗe fukafukanta, ta kaɗa su sau biyu, ta rufe.

"Ta tashi," in ji mutumin gabas cikin raɗa.

"Miƙa ta yi," in ji wani.

"Ni na ga haske tsakanin ƙafarta da mota," in ji babban makanike, wanda ina jin neman rigima kawai yake.

Kowa ya juyo gare ni. Baba bai dube ni ba, yana tsaye ya dafa bayansa da hannu ɗaya, idonsa a kan ƙwallo. Na ce ba ta tashi ba. Muka auna, kamu huɗu da taƙi ɗaya. Mu'allim ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa masa, Baba ya karɓa ya ce, "Awo, madalla," ya je ya zauna a kujerar nan mai laushi har aka kira magariba, bai ko tayar da injin ba.

Ya tuƙa ta shekaru masu dama, a hankali, har alhazai na ƙorafi. Mutumin gabas ya gaji motar turi, kuma duk safiya in muna tura shi yakan leƙo ta taga ya ce, "Ustaz, a hankali, kada ka tashi tsuntsu."

Abin da ke damuna shi ne wannan. Ina son Baba ya samu, na san haka tun kafin a fara. Ina ganin ƙafafun tattabarar ba su bar ƙarfen motar ba, amma rana tana dukan fuskata a lokacin, kuma ban sani ba ko idona ne ya gani ko zuciyata. Idan akwai wanda ya rage cikin mutanen garejin nan, musamman wanda ya tsaya ta ɓangaren inuwa, ina roƙonsa ya aiko mini da abin da ya gani. In ta tashi, ya faɗa mini ba tare da ya tausaya mini ba, zan gyara. Haka ma in kamun biyar ne.