Ɗanwaken da Ya Hana Awon Jini

Wata biyu muna jiran ranar awon jinin Baba. Gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa, likita a Kano kuma ya ce sai an auna suga kafin a san abin yi. Sharaɗi ɗaya ya kafa mana: kada a ci komai tun daga asuba har a ɗebi jinin. Na maimaita wa Baba wannan magana har bakina ya gaji, shi kuwa sai ya ce, "To, likita." Ni malamin firamare ne, baƙar magana ce kawai irin tasa.

Muna idar da sallah na sa shi a tsohuwar motata. Gero ya yi kai hagu da dama, ga sanyin damina, har na fara jin daɗin tafiyar. Ba mu kai Ɗambatta ba ya dafa kafaɗata.

"Ratse nan in gai da taubashiyata."

Tsohuwar nan sana'arta matsar man gyaɗa, duk yankin ƙulinta ake ci. Tun daga bakin titi ƙamshin suya yake kama mutum. Na leƙa na ga mata uku sun duƙufa a kan turmi suna juya tunkuza, mai yana tasowa. Ta fito zaure hannu duk maiƙo, ta dube shi sama da ƙasa.

"Au, ba ka mutu ba? Ni da na fara tanadin gumbar sadaka!"

"Sai na binne ki tukuna," in ji Baba.

Kafin in buɗe baki an dire kwanon ɗanwake, man da aka matso yanzu yana kwance a kai, ga yaji da garin ƙuli. Na ce, "Inna, asibiti za mu, an hana shi ci."

"Kai rufe min baki! Ranar sunanka ni na yi tuwo. Ya shigo zaurena ya fita da yunwa, a ce me a garin nan?"

Ai kuwa Baba ya naɗe hannun riga. Wallahi ina kallo ya share kwanon nan tas, ya kora da koko, har da side yatsa. Takaici ya sa ni ma na cinye nawa, kuma ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa cin ɗanwake kamarsa ba.

A hanya na ce masa idan an tambaya ya yi shiru, ni zan amsa. Muna zuwa asibiti ma'aikaciyar da za ta ɗebi jinin ta ce, "Baba, kun ci wani abu?"

"Ɗanwake, 'yata. Kwano guda."

Ta mayar da allurarta, ta rubuta mana wata ranar, sati biyar nan gaba.

A mota na fashe. Na yi faɗan man mota, na yi faɗan aikin da na bari, na ce ƙafar tasa ce ba tawa ba. Da muka fita daga gari sai ya juyo ya dube ni.

"Ka zaci mantawa na yi? Ƙanena ma da awon nan aka fara, aka ƙare da yanke masa ƙafa. Tsoro nake ji. Ka bar ni in ƙara taka gonata da ƙafa biyu, in ga an yanke geron bana."

Na gangara gefen titi na kashe motar, don hawaye ya hana ni ganin hanya.