Katakon Yanka Albasar Hedwig

Alwin Dornbusch maƙwabcinmu ne a birnin Leipzig, ƙofarsa na kallon tamu. Ya dawo daga yaƙin duniya na farko da tabo tun daga kunne har haɓa, kuma bai taɓa rufe shi ba. Sana'arsa sassaƙa hoto a allon katako: ya ƙwaƙule inda yake so ya fito fari, ya shafa tawada a abin da ya rage, ya danna takarda a kai. Wata shekara ya zauna gaban madubi ya sassaƙa hoton fuskarsa a allo. Idanun kaɗai sun ci masa mako uku, don layukan sirara ne kamar gashi.

"Mutumin kirki ya zana fure, kai ka zana wannan mummunar fuska," in ji matarsa Hedwig.

"Ke kika zaɓe ta, ni gadonta na yi," ya ce.

Gidan adana zane na garin ya rataye hoton shekara goma sha biyu. Da mulki ya sauya, aka ce irin wannan zane ɓatanci ne ga sojan ƙasa. Dokta Zeidler, shugaban gidan, wanda da hannunsa ya rataye shi, shi ya sauke shi. Aka ƙona duk takardun da aka buga hoton a kai, aka hana Alwin aiki. Ya koma share dandamalin tashar jirgin ƙasa, har ciwon huhu ya kashe shi ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Ko hoton kyamara ɗaya bai bari ba. Fuskarsa ta rage a katakon nan kawai.

Hedwig ta kife allon a teburin kicin, tana yanka albasa da burodi a bayansa. Sau biyu aka zo bincike, ba wanda ya kalli katakon yanka albasa. Amma ita mace ce mai tsabta har ta yi yawa. Kullum sai ta wanke shi, ta goge, ta sake kifewa. Shekara tara ruwa yana shiga, tebur yana gurzar fuskar. Ni ma ina gani, ban taɓa gargaɗinta ba, kuma har yau abin yana cina.

Bayan yaƙi sai ga Dokta Zeidler da sabuwar hula, yana nan kan muƙaminsa kamar ba a yi komai ba. Ya zo neman allon don a sake buga hoton.

"Uwargida Dornbusch, mijinki abin alfaharin garin nan ne."

"Yau kuma? To, sannu da tunawa, Dokta."

Ta ba shi allon duk da haka, don tana so ta sake ganin mijinta ko sau ɗaya. Na raka ta gidan adana zanen. Aka shafa tawada, aka danna takarda, aka ɗaga. Idanu sun tafi, baki ya tafi, sai baƙin dunƙule. Tabon ne kawai ya fito fari fat, don shi Alwin ya ƙwaƙule da zurfi.

Dokta ya tafa hannu. "Madalla! Wannan ya fi na da ƙarfi. Gobe za mu rataye shi."

Hedwig ta daɗe tana duban takardar, tana neman idanun.

"Rataye abinku," ta ce. "Dama iya abin da kuka bar min ke nan."